Jinyar Uwar da Ba Ta Kiran Sunana

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata ta wajen uwa, a can na yi wayo cikin ƙannen mahaifiyata. Su kuwa Yaya suke ce wa mahaifiyata, ni ma sai na bi bakinsu. Har gobe Yaya nake ce mata, ƙannena kuwa Umma. Ita kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta aike ni "ke" ce, in da mutane a wurin sai ta dubi wani ta ce, "gaya wa yarinyar nan." Ranar da za a kai ni ɗakin miji, da aka shigar da ni ta yi mini faɗa, mayafi ta ja ta rufe fuska, ƙanwarta ce ta yi maganar. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan alkunya ta ɗan fari, in bai gan ta a gidansu ba ya gan ta a maƙwabta. Na girma, na yi aure, na zama malamar makaranta mai cin abinci da baki, amma abin bai daina sosa mini rai ba.

Cikin hunturu ciwon ya same ta, da asuba. Ta fita alwala, Auta ta ji faɗuwar buta, ta fito ta tarar da ita zaune a ƙofar banɗaki, baki ya karkace, hannun dama ya saki, tana ta bin mutane da ido ba magana. Faɗuwar banɗaki kuwa kowa ya san fassarar da ake yi mata a unguwa: iska ce. Nan da nan aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, wata ta shafa mata man habbatussauda, wani ya yi tofi a ruwa aka ɗura mata, ta ƙware har idonta ya kaɗa. Kowa abin da ya sani ya kawo, ba na riƙe kowa a zuciya. Sai da gari ya waye aka kira ni. Kafin in iso, a samo mota, a ciccibe ta, mu ratsa cunkoson Kano, hantsi ya dubi ludayi.

Likitan ɗakin gaggawa yana ganin ta ya ce, "Ƙarfe nawa rabon da a gan ta lafiya?" Da muka faɗa sai ya girgiza kai. Daga baya ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. In toshewa ce akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma sai cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ba a sanin wace iri ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, shi ya sa ya hana a ba ta ko da asfirin, domin in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. Jininta ya hau ƙwarai. Ashe ta daɗe da ajiye ƙwayoyin hawan jinin da aka rubuta mata, wai ai ta ji sauƙi. Na'urar hoton asibitin ba ta aiki ranar, sai wani wuri muka kai ta, muka biya, muka dawo da sakamako a babbar ambulan. Toshewa ce, a ɓangaren hagu. Ya ce hagun ƙwaƙwalwa ke sarrafa damar jiki, kuma a yawancin mutane a nan magana take zaune. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda wannan ciwo ya kama, magana takan samu matsala.

Aka ba mu gado a ɗakin mata. Mutum ɗaya ake bari ya kwana da marar lafiya, nan fa aka shiga kallon-kallo. Auta ce 'yar ɗakinta amma tana da ɗanyen goyo, sauran kuma maza ne. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Ke ce babba, amma kin san halin Yaya. Anya za ta yarda ki taɓa ta?" Na ce, "Kawu, a bari dai mu gani."

Wata nas mai haƙuri ce ta koya mini aikin. Ta fara gwada ta da ruwa cokali ɗaya, Yaya ta sarƙe da tari, sai ta ce ba ci ba sha ta baki, don abin da ya kauce wa maƙogwaro huhu yake tafiya. A lokacin na tuna ruwan tofin asuba, gabana ya faɗi. Aka sa mata roba ta hanci, da sirinji nake ɗura mata tataccen kunu, sai an ɗaga kan gado tukuna. Duk bayan awa biyu in juya ta, dare da rana, in sa matashi tsakanin gwiwoyinta, in duba ƙugu da dunduniya ko fata ta fara ja, saboda gyambon kwanciya. In goge mata baki da tsumma mai laushi. In auna fitsarin da ya taru a jaka in faɗa wa nas.

Wanka ne abin da na fi tsoro. Matar da ko gashin kanta ban cika gani ba, yau ga ni da baho da soso, an ja labule. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka ake cewa, amma mai faɗar haka ba uwarsa zai wanke ba. Ina ɗaga zanen ta runtse ido ta juya fuska bango. Na buɗe baki zan ce mata "sannu, yi haƙuri," sai na ga jijiyar wuyanta ta ɗaga, na mayar da maganata ciki. Na yi aikina gaɓa-gaɓa, in wanke nan in rufe, in buɗe can, ban ce uffan ba, ban kuma dubi fuskarta ba. Da na gama na shafa mata mai na ɗaura mata ɗankwali, sai na ji jikinta ya saki. Tun daga ranar haka muke yi. In nas ce ta zo tana wanke ta tana zuba mata hira don ta saki jiki, sai ki ga hawaye na bin gefen idonta. Ni da ita mun yi kamar abin bai faru ba, kuma wannan ne kaɗai suturar da nake da ikon ba ta.

Kalma ɗaya ce ta rage a bakinta: madalla. A soka mata allura, madalla. A tambaye ta ko tana jin sanyi, madalla. Ranar da aka zo da labarin rasuwar wata maƙwabciyarta, ta zaro ido ta ce madalla, sai ta fashe da kuka, domin ta ji abin da bakinta ya faɗa. 'Yan dubiya kuwa sai su ce, "Allahu Akbar, kun ga mai imani, ko a wannan hali godiya take yi." Ban musa imaninta ba, amma ni da nake kwana da ita na san sau da yawa wannan madallar kuka ce, wani lokacin ma faɗa ne.

Bari in ɗan tsaya a kan 'yan dubiya, don sun ba ni wahala fiye da ciwon. Dubiya lada ce, kuma da ba su zo ba da mun yi ƙorafi. Amma mutum ya shigo ya sunkuya a kunnenta ya ƙwala, "Hajiya! Ya jiki!" sai ka ce kurma ce. Wata ta ce, "Kin gane ni? Wace ce ni? Faɗi sunana mana." Yaya ta yi ta kokawa da leɓe, gumi ya tsattsafo mata, a ƙarshe madalla ta fito, mai tambaya ta juya ta ce, "Wayyo, ba ta gane mutane." Daga nan sai a zauna a bakin gadonta a shiga lissafin waɗanda irin wannan ciwon ya kashe. Duk tana ji. Likitan ya riga ya gaya mini cewa irin nata, fahimta tana nan da sauranta sosai, fitar maganar ce ta gagara. Shi ne ma ya ba ni labarin wani likitan Faransa, Paul Broca, wanda a 1861 ya duba wani majinyaci a Faris da ya shekara ashirin da ɗaya a asibiti ba abin da yake iya furtawa sai "tan", alhali yana gane abin da ake ce masa. Da mutumin ya rasu aka buɗe kansa, aka sami lahanin a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu, wurin da har yau ake kira da sunan likitan. Na ce a raina, ashe Yaya tana da ɗan'uwa a Faransa. Daga ranar na kafa doka: a gaishe ta da muryar da ake gaida kowa, ba jarrabawa, ba labarin mutuwa. Wasu sun ji haushi, har aka ce boko ya yi mini yawa.

Ƙannena ne abin ya fi dagulawa. Su da hira suka saba da ita. Auta takan kai sha biyun dare a ɗakinta suna ƙus-ƙus, ƙanina mai bi mini ba ya sayen ko akuya sai ya ji ta bakinta. Yanzu sai su zo su zauna, su yi magana, su jira amsa, amsa ba ta zo ba, su rasa inda za su sa kansu. Auta takan fita baranda ta yi kuka ta dawo. Ni kuwa sai na ga ba a ƙwace mini komai ba, don dama ban taɓa samun hirar ba. Abin da na saba da shi yana nan. Tun ina ƙarama, in an kawo ni gida ran Juma'a, da ido nake karanta ta. In ta turo kwano gefena da ƙafa ba ta dube ni ba, na san akwai tsoka a ƙasan tuwon. In ta yi gyaran murya sau ɗaya, zamana ne bai yi mata ba. In ta ce wa kakata "wannan zanen ya ishe ni, a ba wa wani," na san wanin. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ga shi rabin fuskar ya tafi, amma rabin da ya rage na fi kowa iya karatunsa. Girar hagu in ta ɗaga, ruwa take so. In ta murza bakin zane da yatsa, baƙon ya daɗe. In ta kafe ƙofa da ido, fitsari ne, a fitar da maza. Har nas-nas suka koma tambaya ta, "Anti, me Mama take cewa?"

Kada wannan ya sa a ɗauka shiru ya wadatar. Akwai daren da ta hana ɗakin nan barci. Tana nishi, tana dukan katifa da hannun hagu, madalla, madalla, madalla. Na ba ta ruwa ta ture. Na juya ta, kukan ya ƙaru. Na duba jakar fitsari, na duba robar hanci, na taɓa ciki, na kira nas aka auna jini da zafin jiki, ba a ga komai ba. Na durƙusa a gabanta ina cewa, "Yaya, nuna mini, don Allah nuna mini," ita ma tana kallo na da irin roƙon da nake yi mata. Sai da safe mai gashin ƙashi na asibitin ya zo, yana ɗaga hannun daman ta ƙwalla ƙara. Kafaɗa ce. Hannun da ya shanye ba tsokar da ke riƙe da shi, nauyinsa kawai yana janye gaɓar, ga shi masu taimako da shi suke jan ta in za su tayar da ita zaune. Ya nuna mana yadda ake tallafe shi da matashi, ya ce ko da wasa kada a sake ɗaga ta ta wannan hannun. Kalma ɗaya, kafaɗa, da ta raba mu da wannan daren. Duk mai yi mini daɗin baki a kan hikimar shiru, ina so ya fara kwana irin wannan tukuna.

Bayan nan na yanki kwali na zana kofi, buta, bargo, fanka, da siffar mutum don ta nuna inda ke ciwo. Ta dube shi ta dube ni, ta kife shi a kan gado. Ta ga abin yara ne. Sai da na bar shi a gefen matashi na daina miƙa mata, sannan wata rana na ga ta jawo shi da kanta ta ɗora yatsa a kan bargo. Gyaɗa kai da girgiza shi ma ba abin dogaro ba ne a farko, takan gyaɗa alhali a'a take nufi. Dole in yi tambaya, in sake juya ta, in ga ko amsar za ta tsaya.

Salla ce ta fi damun ta, kuma na daɗe ban gano ba. Na lura dai duk lokacin da aka kira salla a masallacin asibiti sai ta rikice, ta yi ta shafa katifa da tafin hannu. Wata tsohuwa mai jinyar 'yarta a gadon kusa ce ta ce, "'Yar nan, taimama take nema." Ta ciro wani sulɓaɓɓen dutse daga jakarta ta miƙo. Yaya ta ɗora hannun hagu a kai, ta shafi fuska, na kama hannun daman na taya ta. Na karkata gadon yadda ya samu, na zauna kusa da kunnenta na ce, "Bismillahir Rahmanir Rahim. Alhamdu..." Sai na ji ta karɓe. Lillahi Rabbil alamin. Ta tafi da ita har waladdallin, harafi na bin harafi, murya na rawa amma ba tuntuɓe. Matar da ta kasa cewa ruwa. Na yi zaton bakin ne ya buɗe, na ce, "Yaya, me kike so? Faɗa mini." Ta dube ni ta ce madalla.

Likita bai yi mamaki ba. Ya ce abin da harshe ya haddace ya maimaita shekara da shekaru, kamar karatu da ƙirga da waƙa, sau da yawa yakan tsira ko da maganar yau da kullum ta tafi. Malamin unguwarmu, wanda ya karantar da mu muna yara, da ya zo dubiya sai ya ɗauko ta wani gefen. Ya ce, "Malama, ai kin wuce wurin a Ali Imrana, aya ta 41." Annabi Zakariyya ya roƙi alama, aka ce masa alamarsa ita ce ba zai yi wa mutane magana ba kwana uku sai da nuni, kuma a cikin ayar aka umarce shi ya yawaita ambaton Ubangijinsa, ya yi tasbihi safe da yamma. Harshen da aka ɗaure ga mutane, an bar shi a sake ga zikiri. Malam ya yi saurin cewa ba yana haɗa ciwo da mu'ujiza ba ne, nasa bushara ce, nata jarrabawa. Amma ya ce in daina ganin an rufe mata kowace ƙofa. Ya tuna mini halaye bakwai na mai salla da muka karanta a Ahalari, daga tsayuwa har kwanciya rigingine, da hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ya ƙara da na Abu Musa, cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa irin abin da yake aikatawa yana lafiya a gida. Duk wannan a gabanta ya faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, yana kallon ta ita ba ni ba. Da zai tafi ya ce a riƙa karanta mata addu'ar Annabi Musa ta cikin Ɗaha, wadda ya roƙi a kwance masa ƙullin harshensa, a kuma ci gaba da maganin asibiti. Na ga ta sauke ajiyar zuciya. Daren nan ta yi barci.

Cikin masu zuwa akwai aminiyarta tun ta ƙuruciya, Hajiya ta bayan masallaci. Ita ba ta tambayar jiki. Takan yi sallama, ta ajiye 'yar ledarta, ta hau ƙarshen gado ta ɗora ƙafar Yaya a cinyarta tana matsawa da hannu ɗaya, ɗayan yana jan carbi. Sai su yi awa guda haka. In za ta tafi ta ce, "To, 'yar'uwa, sai jibi." Shi ke nan. Bayan tafiyarta Yaya takan yini fuska a sake. Na taɓa ce mata, "Hajiya, ba kya ɗan yi mata hira?" Ta ce, "'Yata, shekara hamsin muna yi. Wace ce ta rage?" A wurinta na ga aikin hadisin nan da muke haddacewa tun a Islamiyya, cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. A da gargaɗi ne kawai a wurina ga masu gulma. Ban taɓa kawo shi a bakin gadon marar lafiya ba, inda kalmar alherin ma takan zama kaya in tana neman amsa. Addini dai bai ce a mai da ƙin magana ibada ba. Sayyidina Abubakar ya tarar da wata mata 'yar ƙabilar Ahmas ta yi alwashin yin aikin hajji ba magana, ya ce ta yi magana, wannan aikin jahiliyya ne. Shirun Hajiya ba alwashi ba ne. Ta ga abin da ƙawarta ba za ta iya ɗauka ba ne ta sauke mata.

Da aka cire robar hanci ta fara haɗiyar kunu mai kauri, aka sallame mu. Gida kuma wani sabon aiki ne: a ɗaure igiya a jikin taga ta riƙa jan kanta, a sayo kujerar bayan gida, a kai ta gashi ranakun da aka ba mu. An gaya mana yawancin sauƙin da ake samu a watannin farko yake zuwa, don haka ba mu yi wasa ba. Masu koyar da magana kuwa ba su da yawa a ƙasar nan, da ƙyar mai gashin ya haɗa mu da wata. Ba Bahaushiya ba ce, amma Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ita ta hana mu ƙarasa wa Yaya magana. Ta ce a yi tambaya ɗaya gajera, a kashe rediyo, a jira, ko da jiran zai yi tsawo. Ni da nake cika aji da surutu, ƙirga numfashina nake yi don kada in tsoma baki. Ta kuma yi dabara da abin da ya tsira: ta sa Yaya ta fara ƙirga ɗaya, biyu, ko ta ja salati, daga cikin wannan kiɗan sai ta zame da ita zuwa kalmar da ake nema.

Wata rana ta ce a kawo hotunan 'ya'ya. Takan ɗaga hoto, ta ba ta gaɓar farko ta sunan, Yaya ta yi ta fama har ta cafko sauran. Ta kira na ƙanina, muka yi tafi. Ta kira na mai bi masa. Na Auta ma ya fito, har da murmushi. Sai aka ɗaga nawa. Malamar ta ba ta gaɓar farko. Shiru. Ta sake. Yaya ta tsuke leɓe, ta kawar da kai gefe, ta ɗan ja mayafinta gaba da hannun hagu. Ba kokawa, ba gumi, ba madalla. Malamar ta ɗauki biro za ta rubuta cewa ta kasa, ni kuwa dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har hawaye, Auta na taya ni. Da aka yi mata bayani ta riƙe baki ta ce, "To, Mama, a bar wannan." Ciwon ya ci hannu, ya ci ƙafa, ya kwashe kalmomi, amma bai kai nan ba. Duk sauran shirun dole aka yi mata. Wannan ɗaya nata ne, da saninta take riƙe da shi, kuma ni kaɗai a duniya take yi wa.

Ba ina kare al'adar ba ne. Na san 'ya'yan fari da yawa da suka tashi suna zaton ba a son su, wasu har suka tsufa ba su warke ba, kuma ba kowa ne Allah zai ba irin damar da na samu ta ganin ƙasan abin ba. Ni ɗana na fari da sunansa nake kiran sa, a gaban kowa, har in ce masa ya yi kyau in ya sha sabuwar shadda. In na yi haka a gabanta, girar hagun nan takan ɗaga. Abin da ya sauya shi ne na daina jiran wata magana daga gare ta. Da daddare in na gama shafa mata mai a ƙafa, takan kama wuyan hannuna ta riƙe, idonta na kan bango, ni ma nawa na wani wuri. Ba ta taɓa yin haka tana da lafiya ba, kuma na tabbata da bakinta na nan da ba za ta yi ba, da sai dai ta aiko Auta da turmin atamfa.

Yanzu tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida. Hannun daman bai dawo ba. Mun raba kwana tsakaninmu, na koma makaranta, mun sayi na'urar awon jini muka ajiye a ɗakinta, kuma da muka gwada kanmu sai ga biyu daga cikinmu su ma nasu ya hau, suna kan magani. Kalmominta sun ƙaru, ba dai yadda muke so ba, kuma ba waɗanda muka zata za su fara dawowa ba. "A'a" ce ta riga kowace, sai "bari". Babban rikicinmu a yanzu miya ce, don likita ya ce a rage gishiri da ɗanɗano, ita kuwa mace ce mai son miya ta ji. Ran nan na kai mata tuwo da miyar kuka da na kaɗa da daddawa kawai, ta ɗanɗana, ta ture kwanon da bayan hannu, ta dubi Auta ta tattaro duk ƙarfinta ta ce, "Gaya... mata... ba gishiri." Kalma huɗu a jere, mafi tsawon maganar da ta haɗa da kanta tun da ta kwanta. Auta ta ruga ta kira malamar a waya. Gishirin dai ban ƙara ba.